Ƙulli na Uku a Igiyar Umma

Abin da na fara gani da muka shiga warshar Kawu, shagon waldarsa da ke unguwar Gubaira a Riyad, shi ne butar shayi, a rataye a hannun ƙofar mota. Babu motar, babu ƙofar, hannun kaɗai aka yi wa walda a jikin ginshiƙi, daidai kafaɗar mutum. A samansa akwai madubin gefe na wata motar daban, an karkatar da shi yadda mai aiki a can ciki zai hango mai shigowa ba sai ya waiwaya ba. A cikin madubin nan na haɗa ido da Kawu. Ya ɗaga min gira, ni kuma na mayar da idona kan takalmina, na ƙara damƙe igiyar da ke aljihun abayata.

Kawu ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Abokin Baba ne, mutumin Maraɗi, mai walda. Tun kafin a haife ni suke cin abinci a faranti ɗaya ranar Juma'a. Idan ya zo gidanmu a unguwar Jaradiya daga bayan labule nake gaishe shi, in tura tire in gudu. Ban taɓa yi masa maganar da ta wuce "lafiya lau" ba. Ranar nan kuwa da saƙo har uku aka aiko ni wurinsa.

Ga yadda abin ya faro. A makarantarmu, idan sanyi ya shigo, ranar Lahadi da safe, farkon makon karatu, ajinmu yakan cika da ƙamshin hayaƙin itace. A jikin abayoyin 'yan mata yake. Sai ka ji wannan ta ce sun yi kashta, waccan ta ce su ma sun yi, wato sun fita bayan gari cikin rairayi, sun shimfiɗa darduma, sun hura wuta, sun dafa gahawa. Wadda take zama kusa da ni takan cire takalminta ta zazzage jan yashi a ƙarƙashin benci, ni kuma in bi shi da ido. Sau ɗaya na dangwala da yatsa na shafa a bayan littafina. A Riyad aka haife ni, shekarata goma sha biyu a lokacin, amma rairayin nan ban taɓa taka shi ba. Ta tagar bas na san shi, a hanyar umara.

Baba direba ne. Yana jan wanet, wato a-kori-kura, irin mai kujerun gaba da na baya, sai ɗan gajeren bodi. Da ita yake kwasar kayan gwari daga kasuwar Utaiƙa yana rarraba wa shaguna. Motar ta kafilinsa ce, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa. Wata rana a gidan mai, Baba ya ga mota irin tasa da ɗaki a bayanta, rufin a kwance kamar murfin akwati. Mai motar ya nuna masa yadda ake tura rufin sama, tamfol ya miƙe ya zama bango. Baba ya dawo gida, ko ruwa bai sha ba ya ɗauki kular abinci yana kwatanta mana da murfinta.

"Kin gani, haka, fau! Ɗaki. Haka kuma, rub! Babu ɗaki."

Ya ce shi ma Kawu zai ƙera masa irinsa, mu fita kashta. Na shige kicin inda ba mai ganina, na yi ta tsalle har cokula suna ƙara.

Kafili ya yarda, da sharaɗi biyu: kada a huda jikin motar ko da ƙusa ɗaya, kuma ranakun aiki a sauke ɗakin, tumatur ya koma wurinsa. Sharaɗin Umma ɗaya ne, amma ya fi nasa nauyi.

"Ni fa ba zan tsaya salla a fili ba, samari suna zagaye ni da baburan nan nasu masu ƙafa huɗu. A zaune kuma ba zan yi ba, Allah ya ba ni ƙafafu lafiyayyu. In zan iya sallata cikakkiya a cikin akwatin naka, to. In ba haka ba, ku gaishe min da yashi."

"Ku" ɗin nan ban da ni. In Umma ba ta je ba, Baba da Kawu da abokansu ne za su tafi, ni kuma ina gida ina yanka albasa.

Umma ta ce ba za ta shiga warsha cikin maza a auna ta kamar buhu ba. Washegari, Baba yana kasuwa, ta kwance igiyar shanya, ta ƙona bakinta ɗaya da ashana don a san mafari, ta ce in auna ta. Na hau kujera. Ƙulli na farko, daga ƙasa zuwa saman hijabinta, ta ce in ƙara yatsa huɗu don ba ta son rufi yana shafa mata kai. Ƙulli na biyu, tsawon sallayarta. Daga nan sai ta yi ruku'u a tsakiyar falo.

"Daga goshina zuwa can baya," in ji ta.

"Can ina, Umma?"

"Ke dalla, inda na ƙare."

Na fashe da dariya, igiyar ta suɓuce. Ita ma dariyar ta kama ta tana duƙe, tana cewa in yi sauri kafin bayanta ya ƙage. Umma ba siririya ba ce. Sau uku muna sakewa kafin na samu na ɗaure ƙullin.

"Ki ce musu wannan na ruku'u ne," ta ce tana share hawaye. "Kalma ɗaya ce. Ko da Larabcin naki ne ki faɗa."

To ga ni a warsha, a zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota, da kofin shayi a hannu. Kafin a zo kan igiyata sai da Baba da Kawu suka daɗe suna musu.

Kawu ƙarfe yake so. "Ƙarhe za mu sa, Alhaji. Wanga abu har jikokin ɗiyata su gaje shi."

"Jikokin ne za su riƙa sauke min shi duk mako? Ni da kai za mu ɗaga shi, da wannan bayan naka da ya gama shanye man zafin unguwar nan."

"Bayana ya fi naka. Ku mutanen Kano ba ku son abu mai nauyi in ba tuwo ba."

"Alminiyam."

"Gwangwanin madara! Iska ɗaya ta ɗauke shi, sai dai ka je Damam ka karɓo."

Daga ƙarshe suka tsaya a kan ƙarfe siriri daga ƙasa, inda maƙallai za su kama bakin bodi tunda an hana huji, sai alminiyam daga sama. Kowannensu ya juyo ya dube ni, wai in shaida shi ya yi nasara. Na dubi shayina.

Sai maganar rufi. Kawu ya ɗauko kwalin ganyen shayi ya yage murfinsa. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai rufin ya tashi gaba ɗaya a kan ƙafa huɗu, tsayi ya zama ɗaya ko'ina, mutum ya tsaya inda ya ga dama. Amma ƙafa huɗu abin lalacewa huɗu ne, sai mutum biyu sun ɗaga, tamfol kuma ya zagaye ko'ina, iska ta yi ta kaɗa shi kamar shanya. Ko kuma a sa hinji daga gaba, baya kaɗai ya riƙa tashi kamar bakin kada. Wannan hannu ɗaya ya isa ya tura shi, kuma in aka juya wa iska hancin mota, ta kan gangaren za ta bi ta wuce. Aibinsa, a bakin ƙofa kawai ake iya tsayuwa. Kana matsawa gaba rufi yana sauko maka.

"Ai shi ke nan," in ji Baba. "A bakin ƙofa za ta tsaya, ta fuskanci gaban mota, ni kuma in juya hancin motar alƙibla."

"In iska ta hito daga wani wajen fa?"

"In an idar sai a juya."

"Sau biyar a yini kana juya mota kamar mai gasa tsire!"

Shayi ya kusa fito min ta hanci. Na toshe baki da mayafi, kafaɗuna suna rawa.

Bakin kada ya ci. Tamfol ma sai da aka ja. Mai kauri yana tare sanyi, amma ba ya naɗuwa, rufi ba zai kwanta ba. Marar kauri yana naɗuwa kamar zane, amma in aka kunna fitila a ciki na waje zai ga inuwar mutum. Baba bai bari Kawu ya ƙarasa ba ya ce a ajiye wannan. Aka ɗauki matsakaici mai ruwan ƙasa. Taga kuwa Kawu ya ce kowace taga ƙofar ƙura ce, Baba ya ce ɗaki babu taga kabari ne, suka tsaya a kan guda ɗaya daga sama, da raga da zif.

"Yauwa," in ji Baba. "Kawo saƙon uwarki."

Na miƙe. Na ciro igiyar, ta ɗumama a aljihuna. Kawu ya taka bakin da aka ƙona da ƙafarsa, ya ja tef, ya maƙala alli a bayan kunne.

"Wanga ƙulli, ɗiyata, daga ina zuwa ina?"

"Daga ƙasa zuwa kai," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ya rubuta a jikin bango. "Wanga fa? Daga ina zuwa ina?"

"Sallaya."

"Madalla. Ga malama. To na ukun, daga ina zuwa ina?"

Da cewa ya yi "na mene ne," wataƙila da na amsa. Kalmar tana bakina, na kwana biyu ina gwada ta. Amma daga ina zuwa ina? Sai na hango Umma a duƙe a falo, na hango inda na ɗora ƙarshen igiyar. A gaban Baba. A gaban abokin Baba, da alli a kunne, yana jira ya rubuta a bango inda duk mai shigowa zai karanta. Na lura akwai wata 'yar ƙusa a ƙasa da ta lanƙwashe kamar harafin lam na Larabci, na zuba mata ido kamar ita aka aiko ni in gani.

"Mi kika ce?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Na gane!" Baba ya tafa hannu. "Kantar kicin ce. Kullum ƙorafinta babban tirenta ba shi da mazauni. Tsawon kantar da take so ke nan."

Idon Kawu ya yi haske. Ya ce dama abin da ke damunsa ke nan, bodin gajere ne, in aka shimfiɗa sallaya ina za a sa tankin ruwa da ɗan gas da tukwane? To ga dabara. A rataye kanta daga gaba, daidai ƙugu, a bar ƙasanta fayau. In Hajiya ta yi sujada, kanta ya shige ƙarƙashin kantar. Ƙasa na salla, sama na girki, ko taƙi ɗaya ba a yi asara ba. Suka tafa har sau biyu. Baba ya ce ashe a Maraɗi ma ana haihuwar masu kai.

"Haka ne ko, ɗiyata? Kanta ce?"

Na gyaɗa kai.

Da muka koma gida Umma ta tambaye ni ko na faɗa musu. Na ce na ba su igiyar. Ta ce madalla. Na so abin ya dame ni, kuma ya ɗan dame ni, amma murna ta fi ƙarfinsa. Na ce a raina maza biyu da suke ruku'u kullum ai ba za su manta da shi ba.

Makonni uku aka yi ana aikin. A makonnin nan ban san abin da aka koyar a aji ba. Na zana motar a bayan littafin lissafi, baki buɗe, baki rufe. Ranar da aka ɗaura rufin Baba ya biyo ta makaranta ya ɗauke ni. Kawu ya sa wa rufin sanduna biyu masu iska, irin waɗanda ke riƙe ƙofar bayan mota. Ya ce ni zan buɗe. Na taka bayan motar, na sa tafin hannu na ɗan tura. Tsss! Rufin ya ƙwace daga hannuna ya yi sama da kansa, tamfol ya miƙe ɓat, ga ɗaki. Ɗaki sosai, mai ƙamshin sabon tamfol, hasken taga ya faɗo a ƙasa kamar an shimfiɗa hankici. Daga sama can gaba akwai falankin da za a riƙa jawowa ya zama gado, Kawu ya ce marar nauyi kaɗai zai ɗauka, wato ni. Gadona! A sama! Kusa da taga!

"To rufe," in ji Kawu.

Na kama igiyar da ke reto na ja. Ko motsi. Na ja da hannu biyu. Na naɗe ta a hannu na ɗage ƙafafuna, na yi ta lilo, abayata tana kaɗawa, rufin yana nan a sama abinsa. Baba ya dafa mota yana dariya har hularsa ta faɗi. Ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba, da ƙarfi, baki buɗe, a gaban Kawu.

"Ashe tana da haƙora!" in ji Kawu.

Ya ce laifin sandunan ne. Masu ƙarfi suna buɗewa da kansu amma sai ƙato ya rufe, marasa ƙarfi suna rufuwa da sauƙi amma sai ka tallafa da ka wajen buɗewa. Ya canza su da na tsakiya, waɗanda in na rataya gaba ɗayana rufin yakan sauko a hankali kamar yana tunani. Na ga kantar ma ranar. Tsawonta daidai ƙullin Umma na uku, an goge ta tana ƙyalli, tankin ruwa shuɗi a zaune a kanta. Na kau da kai na koma kallon gadona.

Ranar wata Alhamis Kawu ya ce an gama haɗawa, amma duk waldar cikin ɗigo-ɗigo ce, riƙon wucin gadi. A kai wa Hajiya ta gani. Ranar Asabar bayan la'asar zai bi ta da walda ta dindindin, ya liƙa soso saboda sanyi, ya rufe da falanki, ya yi fenti. Daga nan duk mai son canji sai dai a yanka a sake sabo, shi kuma ba zai sake ba, yana da ƙofofin mutane a jingine. Hutun makaranta saura mako guda.

Ranar Juma'a Baba ya ajiye motar a ƙofar gida, hancinta yamma. Umma har yau "gabas" take ce wa alƙibla ko da tana kallon faɗuwar rana. Ta jira sai da maza suka tafi masallaci, layinmu ya yi tsit, sai kyanwoyi a ƙarƙashin motoci. Ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta ɗauki sallaya ta ce in zo in yi mata gadi.

Na tura rufin, ya tashi. Umma ta ja da baya ta ce, "Ikon Allah." Ta hau da ƙyar, ina tura ta tana cewa in bi a hankali ba buhun shinkafa ba ce. Ta shimfiɗa sallaya, ta shiga daidai. Ta ja ƙofar ta rufe, ba ta sa sakata ba. Ina jin muryarta ta cikin tamfol.

"Gwaji ne fa, ban yi niyya ba. To, tsayuwa ta yi. Har da sauran wuri. Kai, mutanen nan sun iya aiki."

Sai na ji ƙum! Tankin ruwa ya amsa, ruwan ciki ya yi ƙululu.

"Wash!"

Na ji ta ja ƙafa baya, ta sake gwadawa. Wannan karon ƙofar ce ta buɗe fau, saura kaɗan ta doke ni a hanci, ga Umma a duƙe ta cika ƙofar, rabinta a mota, rabinta a Jaradiya.

Na durƙushe a kan kwalta. Dariyar ta hana ni numfashi. Umma ta juyo ta zauna a bakin motar, hannu ɗaya a goshi, tana dariya tana cewa, "Rufa min asiri, ja ƙofar nan, ja!" Ta sake gwadawa a karkace, gwiwar hannunta ta bugi bango. Ta gwada da ɗan lanƙwasa gwiwa, ta ce wannan ba ruku'u ba ne, tsintar allura ce. Sujada kuwa lafiya lau, kanta ya shige ƙarƙashin kantar kamar yadda Kawu ya ce, sai dai babu hanyar isa can.

Da dariyar ta lafa sai ta dubi kantar. Ta auna ta da hannu, kamu biyu da ɗan ɗori. Ta dube ni.

"Wannan tsawon na san shi."

Na dubi kyanwa.

"Ke. Me kika ce musu?"

Na faɗa mata duka, har da daga ina zuwa ina. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna girgiza. "Wato ni aka auna aka yi wa tukwane gado." Ta daɗe kafin ta ɗago. Da ta ɗago fuskarta da sauran dariya, amma muryarta babu.

"Ni ba zan faɗa wa babanki ba. Mutum yana ta murna kamar yaro, ba ni zan tsaya ina kwatanta masa ya je ya kwatanta wa abokinsa ba. Ke aka ba saƙon, yana wurinki har yanzu. In kin kai, mu tafi. In ba ki kai ba, ranar tafiya zan ce kaina yana ciwo, kuma ba ƙarya zan yi ba." Ta shafa goshinta. "Sauko min da bakin kadan nan kafin a taso daga masallaci."

Da suka dawo, Baba da Kawu suka zauna cin abinci a falo. Baba ya ɗaga murya ya tambayi Umma yaya ta ga ɗaki. Daga kicin ta ce ɗaki ya yi kyau, Allah ya saka da alheri, kantar ma ta gan ta sosai, kusa da kusa. Kawu ya ce ai dabararsa ce. Ina bayan labule da tire a hannu, na ciji mayafina.

Ranar Asabar na ce wa Baba zan raka shi. A hanya na tattara duk ƙarfina.

"Baba, kantar nan..."

"Ai kanta ta yi! Kin ga kan kawunki? Kar dai ki faɗa masa na yaba, sai ya ƙara faɗi." Ya ci gaba da lissafa abin da za mu tafi da shi, itace, bargo, naman da Umma za ta jiƙa da yaji. Ya ce zai nuna min yadda ake rage iskar taya kafin a shiga yashi. Na buɗe baki sau biyu, sau biyu ina rufewa. Ga Gubaira har mun iso.

Kawu ya riga ya jawo injin walda bakin ƙofa. Ya jera sandunan waldar a cikin gwangwani, ga soso a naɗe, ga falanki a jingine, ga bokitin fenti. Baba ya shigar da motar. Na zauna a kujerata ta rannan. Na gwada jimlar da Hausa a zuci, ta maƙale. Na gwada da Larabci, ta fi muni. Ko ta ina na biyo sai na iso wurin da ba zan iya faɗa ba.

Aka kira la'asar. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsuguna a bakin warsha yana alwala, ya ce in an sauko daga masallaci sai wuta. Ina kallonsa ta baya. Sai na lura da abu biyu. Kawu gajere ne, bai fi Umma tsayi ba, faɗinsa kuma in bai kai nata ba ya kusa. Sannan a ƙasan warshar akwai wata kibiya da aka zana da fenti fari, inda yake shimfiɗa kwali ya yi nafila, kuma hancin motarmu ita yake bi sak.

Ba a tayar da salla ba tukuna. Baba yana waje yana gaisawa da maƙwabcin Kawu. Na miƙe, na je na tura rufin. Tsss, ya tashi. Kawu ya juyo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Wasa kike, ɗiyata? Yi abinki, yau ne na ƙarshe kafin fenti."

"Kawu."

Ya tsaya. Ina jin shi ne karo na farko da na kira shi da bakina.

"Na'am?"

Na dubi ƙasa, na ɗago, na sake duban ƙasa.

"Don Allah, kafin ka kunna injin, ka hau ciki ka yi nafila raka'a biyu. Ka ja ƙofar, amma kar ka sa sakata."